Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Malamin da Ya Gina Birane

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya sanya ta mazauni ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayenmu masu karanta wagga mujalla, a filinmu na tarihin magabata yau za mu ɗauko Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, Allah ya ji ƙansu. Babu yaron da ya tashi ƙasar Sakkwato bai ji sunan Bello ba. Wasu sun san shi da yaƙi, wasu da sarauta, almajirai kuwa da littattafai. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika faɗi a makarantu ba, shi ne na gini: zaɓen wurin da gari zai zauna, da kewaye shi da ganuwa, da tsai da masallaci da kasuwa da makaranta cikinsa. Ni dai ina cikin masu son kallon gini, balle ginin ƙasa irin na kakanninmu, kuma duk sa'ad da na duba tarihin garuruwan kwarin Rima, tun daga Sakkwato har zuwa nan wajenmu, sai in riƙa cin karo da hannun wanga bawan Allah. Abin da ya gane shi ne, karatu da salla da sana'a ba su zama daram sai mutane sun samu gari mai aminci da za su zauna. A kan wanga za mu bi rayuwarsa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekara ta 1195 bayan hijira, daidai da 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa sunanta Hauwa'u. Ya tashi a Ɗagel, inda Shehu ya zauna da jama'arsa. Ɗagel ba birni ba ce. Zango ne na malamai da almajirai, ɗakuna da rumfuna, babu fada, babu ganuwa. Dukiyar wurin ita ce littafi da tawada.

Nan Bello ya yi karatu wurin mahaifinsa, da ƙanen mahaifinsa Malam Abdullahi na Gwandu, da wansa Muhammadu Sa'adu, da waɗansu malamai. Ya karanta Alƙur'ani da tafsiri da hadisi da fiƙihu, ya ƙware ga Larabci da nahawu, ya kuma shiga ilmin magani da tarihi. Cikin littattafan tarihi ya karanta yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya fara da gina masallaci da ya sauka Madina, da tubalin laka, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino. Ya karanta yadda anka haƙa gwalalo don tsare Madina, da yadda anka kafa Basra da Kufa zamanin Sayyidina Umaru, masallaci a tsakiya, unguwanni kewaye da shi. To, ku riƙe wanga a zuciya, don duk abin da Bello ya gina daga baya, irin wanga tsari ya bi.

Shekarun da babu gida

A shekara ta 1218, wato Fabrairun 1804, zama ya ƙi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, anka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Bello yana saurayi ɗan shekara 23. Daga ranar nan jama'a ta shiga yawo, yau nan gobe can, da mata da yara da tsofaffi, da littattafai ɗaure bisa dabbobi. An ci nasara a Tabkin Kwatto cikin wagga shekara, amma nasara ba ta zama ɗaki ba, ba ta zama rumbu ba. Yunwa da ciwo sun ci mutane da yawa a hanya.

A ƙarshen 1804 anka yi karo a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, jama'a ta yi babbar hasara. Masu tarihi sun ce cikin waɗanda sunka rasu akwai mahardata Alƙur'ani wajen 200. Ku duba fa, ɗalibai: shekara nawa ake yi kafin a samu mahardaci guda? Ga 200 sun tafi lokaci ɗaya. Bayan wanga, a 1805 jama'a ta koma Gwandu. Da anka sake shan wuya a Alwasa, abokan gaba sunka biyo har bakin Gwandu, garin kuwa ba shi da ganuwa. Allah ya tsare anka kore su, amma an ga haɗarin zama a sarari. Ba a daɗe ba anka kewaye Gwandu da ganuwa.

Daga ɗayan ɓangaren kuwa ga Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda Sarki Babari ya kafa bakin Gulbin Rima a tsakiyar ƙarni na 18, inda Bawa Jangwarzo ya yi mulki. Birni ne mai ƙaƙƙarfar ganuwa, an kai masa hari ba sau ɗaya ba ya gagara. Sai a watan Oktoba na 1808, wato 1223, rundunar da Bello ke jagoranta ta shige shi, Yunfa ya rasu yana yaƙi. Ba mu kawo wanga don tada tsohon miki ba. Yau jikokin ɓangarorin biyu sahu ɗaya suke salla, aji ɗaya suke karatu a makarantarmu, auratayya ta haɗa su. Abin lura shi ne, Bello ya yi shekara huɗu yana kallon abin da ganuwar Gobirawa ke yi wa masu ita, yana kuma ganin abin da rashinta ke yi wa mutanensa. A ganina, maginan Alƙalawa suna cikin malaman Bello, ko da ba su zauna da shi a zaure ba.

Kafa Sakkwato

Shekara guda bayan faɗuwar Alƙalawa, a 1809, Bello ya zaɓi wurin da zai gina birni. Sakkwato a lokacin ɗan ƙauye ne. Me ya gani a wurin? Tudu ne mai tsawo, kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato sunka haɗu. Wanda ke bisa tudun yana hango mai zuwa tun daga nesa. Ruwan damina ba ya kwanta masa, ambaliya ba ta hawa gare shi, amma ga ruwa kusa na sha da na dabbobi, ga fadama ta noman rani da kiwo. Sa'an nan wurin yana tsakanin Gobir da Kabi, inda hanyoyin fatake ke ratsawa. Gwanin gini tun daga zaɓen wuri ake gane shi, tun ba a kwaɓa ƙasa ba.

Ya fara da ganuwa, ya tsai da masallaci, ya gina gidansa, ya yanka wa manyan jama'a filaye kowa da mutanensa. Daga nan unguwanni sunka samu suna, kamar Giɗaɗawa, unguwar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, abokin Bello kuma mijin ƙanwarsa Nana Asma'u. Shehu kansa yana Sifawa yana karantarwa, sai a 1815 ya taso ya dawo Sakkwato. Nan ya rasu a 1817, wato 1232, anka rufe shi inda Hubbare yake yau, jama'a ta yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi.

Mutane sunka yi ta kwararowa har tsohuwar ganuwa ta yi kaɗan, anka faɗaɗa ta. Ganuwar ta tafi yau, amma sunayen ƙofofi suna nan a bakin mutane: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Ɗunɗaye, Ƙofar Aliyu Jeɗo. Duk wanda ya shiga mota zuwa Sakkwato ya ji ɗan kamasho yana kiran ɗayansu. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka kewaye birnin Bello ke nan.

Aikin ganuwa kuwa aikin gayya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A biranen Hausa akan raba ta kashi-kashi, kowace unguwa da rabonta, kuma in damina ta wuce a koma a gyara inda ruwa ya ci. Ramin da anka ɗebi ƙasar shi ke zama gwalalo a bayanta. Waɗanda sunka ɗauki ƙasar bisa kawunansu talakawa ne da bayi, maza da mata, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba. In muna yabon wanda ya yi umurni, kada mu manta da waɗanda sunka yi gumi.

Abin da wani baƙo ya gani

A 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Kilapaton, wanda mutanen ƙasar nan sunka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato ya sauka gidan Waziri Giɗaɗo. Ya rubuta abin da ya gani, shi ya sa muna iya kallon birnin kamar muna ciki. Ya ƙiyasta tsawon ganuwa ƙafa 20 zuwa 30, ya ƙirga ƙofofi 12 da ake rufewa in rana ta faɗi. Ya ga hanyoyi a shirye, gidaje jere, babbar kasuwa a tsakiyar gari, fili mai faɗi a ƙofar gidan Sarkin Musulmi, da manyan masallatai biyu. Ya ga soraye da indararo na gasasshen yumɓu masu zubar da ruwan sama nesa da bango. Shekara 15 kacal da kafa garin ke nan.

Wurin da ya fi jan hankalina cikin labarinsa shi ne wani soro da Bello ya karɓe shi a ciki. Soron murabba'i ne mai tsawo, rufinsa tuluwa, bakan gizo takwas masu ado suna ɗauke da ita, a tsakiyarta an kafa farantin tagulla mai ƙyalli. Daga sama kuma akwai baranda da ta kewaye, mai kai mutum ga ɗakunan bene. Babu siminti, babu ƙarfe, babu kwano. To, da me anka yi shi?

Da abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Magini yakan samo jar ƙasa mai danƙo, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sa'an nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ana jera tubalin a tsaye, ana cike tsakaninsu da laka. Bangon yakan yi kauri a ƙasa, yana hawa yana sirancewa, don gindi shi ke ɗauke da nauyi. In an zo rufi sai a koma ga azara, wadda ake tsagawa daga giginya, iccen da gara ba ta cika ci ba. Amma azara guda ba ta iya ƙetare ɗaki mai faɗi ta ɗauki nauyin ƙasa. Nan gwaninta take. Sai magini ya kafa azara cikin bango ta ɗan leƙo, ya ɗora wata bisanta ta ɗan zarce ta, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da laka, ya bari ta bushe, ya ƙara wata. Haka daga wanga bango, haka daga wancan, suna rusunowa sannu sannu har su gamu a sama. Shi ne bakan gizo. In bakuna da yawa sunka taso daga kowane gefe sunka haɗu a tsakiya, ya zama ɗaurin guga, kamar iccen da ake gicciyawa a bakin guga. Bisa gare su ake shimfiɗa sauran azara a yi tuluwa. Daga waje kuma a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso da ake haɗawa da katsin marina, don kada ruwa ya ratsa.

Wanda ya taɓa shiga irin wanga soro da tsakar rana cikin bazara ya san ni'imarsa. Kana tsallake dokin ƙofa sai sanyi ya tarbe ka, hayaniyar waje ta yanke, idonka ya bi bakan nan ya hau sama da kansa. Da hunturu kuma ɗumi. Bango mai kauri yana shan zafin rana da yini, ya sake shi da dare. Ɗakin kwano kuwa kun san yadda yake a watan Afrilu.

Baturen ya kuma tarar ana gina sabon masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo. Shugaban maginan Bazazzagi ne, ya gaya masa mahaifinsa ya je Masar ya koyo wani abu na gini, ya bar masa takardunsa gado. Abin da ya roƙa wurin baƙon shi ne ma'auni na awo. Ku lura, magini ne mai takardu, mai neman ƙarin ilmi wurin duk wanda ya samu. Zazzau kuwa ba ta daina fid da gwanaye ba, don a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau a 1834, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wanda masana gini ke sawa a sahun gaba cikin ginin ƙasa na Afirka.

Ribaɗi

Da Bello ya hau mulki bai samu hutu ba. Gobir da Kabi da Zamfara ba su kwanta ba, hare-hare ba su yanke ba, manomi ba ya sakin jiki a gona. Runduna tana iya cin yaƙi ta koma gida, amma ba ta iya gadin kowane ƙauye dare da rana. Maganin da Bello ya kawo shi ne ribaɗi. Kalmar Larabci ce, tana nufin zama a bakin iyaka don tsaron jama'a, kuma daga gare ta sunan birnin Rabat na Maroko ya fito. Bello ya yi rubutu a kan falalar ribaɗi, sa'an nan ya aikata abin da ya rubuta.

Ribaɗin Bello gari ne cikakke mai ganuwa. Akwai shugaba, akwai liman da alƙali da malamin yara, akwai mayaƙa da iyalansu, akwai manoma da masu sana'a. Mutane su yi noma kewaye da gari, in an ga ƙura su shige a rufe ƙofa. Ya zauna Magarya na wani lokaci, daga baya wajen 1830 ya gina Wurno bisa tudu mai kallon fadamar Rima, ya mai da ita mazauninsa, ya bar jin daɗin Sakkwato ya koma kusa da bakin daga. Bai tura 'ya'yan wasu ya ɓoye nasa ba: ɗansa Aliyu, wanda ya zama Sarkin Musulmi Aliyu Babba daga baya, ya riƙe Shinaka, ɗansa Fodiyo kuma ya riƙe Lajinge, wadda ke nan ƙasar Sabon Birni. Sarautar Sarkin Gobir na Isa ma a gidan jikokin Bello take. Ashe tarihin da muke faɗi ba na nesa ba ne, a ƙofar gidanmu yake.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da ba su bi ba sunka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma wani reshe nasu ya dawo ya kafa Sabon Birni. Su ma da ganuwa sunka fara. Kowane ɓangare ya san gari ba ya zama sai da tsaro.

Bello ya kuma matsa wa makiyaya su zauna wuri ɗaya. Ya ga cewa yaron da ke bin shanu daga mashaya zuwa mashaya ba ya samun zama gaban malami, jama'ar da ke warwatse cikin daji ba ta samun Juma'a, ba ta samun alƙali. Sai ya riƙa tara su a garuruwa, yana ba su filin noma, yana tura musu malamai, yana kwaɗaitar da su kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki. Irin wagga shawara ya rubuta wa Muhammadu Jailani, jagoran Buzaye na Adar, da ya nemi fatawarsa.

A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa wa shugaba ayyukan da ke wuyansa. A ciki akwai kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa da mahauta da masu magani, da raba su ga garuruwa don kada wani gari ya rasa. Akwai raya ƙauyuka, da gina ganuwa da gadoji, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Wanga duka a littafin addini ya sa shi, domin a wurinsa shugaban da ya bar hanya ta lalace, ko ya bar gari babu tsaro, za a tambaye shi gobe kiyama.

Halinsa da wafatinsa

Duk da yawan abin da ya gina, waɗanda sunka rubuta tarihinsa sun shaide shi da gudun dukiyar baitulmali, sun ce daga abin da ya nema da hannunsa yake ci. Yana yaƙi, yana shari'a, yana gini, bai aje alƙalami ba. Ya wallafa littattafai masu yawa kan fiƙihu da siyasa da magani da tarihi. Mafi shahara shi ne Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, wanda har yau shi ne babbar madogara ga tarihin jihadi. Birninsa ya zama masaukin malamai daga nesa. Alhaji Umarul Futi ya yi shekaru a Sakkwato bayan dawowarsa daga Makka, har Bello ya aurar masa da ɗiyarsa.

Allah ya karɓi ransa a Wurno cikin watan Rajab na 1253, daidai da Oktoban 1837, bayan shekara 20 yana Sarkin Musulmi. Nan anka rufe shi, cikin ribaɗin da ya gina, hubbarensa yana can har yau. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Da wani Bajamushe mai suna Bat, wanda ake kira Abdulkarimu, ya zo ƙasar nan a 1853, a Wurno ya tarar da fadar Aliyu Babba. Nana Asma'u ta yi wa wanta waƙar ta'aziyya tana lissafa kyawawan halayensa, Waziri Giɗaɗo ma ya rubuta littafi a kansa. Allah ya gafarta musu baki ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

A watan Maris na 1903 Turawa sunka ci Sakkwato. Bindigarsu ta fi ƙarfin ganuwar ƙasa, daga nan anka daina gyaranta, ruwa ya ci rabonsa, masu gini sunka kwashe saura. Masallacin Shehu da na Bello an sake su da siminti zamanin Sardauna. Alƙalawa kufai ce. Ginin ƙasa haka yake, kamar hadda: in ana bita yana nan, in an bari shekara biyu uku sai ya zube.

Ba muna cewa a koma a kewaye Kamarawa da ganuwa ba, don makamin yau ba na jiya ba ne. Amma tambayar da Bello ya amsa ita ce ke gabanmu. Tun wajen 2019 'yan bindiga sunka addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, ƙauyuka sunka watse, wasu sunka ƙetara ƙasar Maraɗi, wasu sunka cika manyan garuruwa. Kowa ya ga abin da ke fara mutuwa in gari ya tashi: makarantar allo, da jam'in asuba, da cin kasuwa. Abin da Bello ya gani ke nan tun daga Tsuntsuwa. Saboda haka muna tunatar da shugabanni cewa tsaron gari da gyaran hanya amana ce a wuyansu, kamar yadda ya rubuta wa Ummarun Dallaje. Mu kuma talakawa namu shi ne haɗin kai da riƙon amanar juna, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga iyaye, in za a yi gini a duba wuri kamar yadda ya duba. Ambaliyar 2010 ta rushe gidaje masu yawa a kwarin Rima, mai gini a hanyar ruwa kuwa da ruwa yake jayayya. Wanda ke da tsohon zaure ko soro na gado, kada ya yi gaggawar rushe shi don a ce ya waye. A yi masa yaɓe bayan damina, a gyara indararo, a cire ciyawar da ta tsiro a rufi. Mutanen Agadas da na Jenne ta ƙasar Mali da haka sunka riƙe masallatansu na ƙasa, har duniya ke zuwa kallo.

Ku kuma ɗalibai, kada ɗayanku ya rena magini don ya gan shi da laka a jiki. Mutumin da ke iya tada rufewa ta hatsi da hannu, ta fi shi tsawo, ta yi shekaru ba ta tsage ba, malami ne a fanninsa. Ga aikin da muke ba ku kafin fitowa ta gaba: kowa ya samu tsoho ko tsohuwa a gidansu, ya tambaya ina ganuwar garinsu ta bi, ƙofofi nawa gare ta, me sunayensu, wa ya gina masallacin farko, wane gida ne gidan magina. Ku rubuta abin da kunka ji, da ajami ko da boko, ku kawo makaranta. Wanda ya fi tsari za mu buga shi a wanga fili, in Allah ya so.

Allah ya ji ƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Shehu, da Malam Abdullahi, da dukkan magabatanmu na Gobir da Zamfara da sauran ƙasashen Musulmi. Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya mai da waɗanda sunka gudu gidajensu, ya raya makarantunmu. Amin.